Zomon da Ba a Yanka Ba

Daminar da zan ba da labarinta ina da shekara goma ko sha ɗaya. Lokacin Turawa suna shirin tafiya, manya in sun dawo daga kasuwar Rano ba su da zance sai na mulkin kai da jefa ƙuri'a. A gidanmu kuwa, can wani ƙaramin ƙauye kusa da Fammar a ƙasar Kibiya, abin da ya dame mu zomaye ne. Muna da gona a bayan dutse, Baba ya shuka wake a cikinta, ya fito gwanin sha'awa. Kullum ya je da safe sai ya tarar an aske masa kunya biyu ko uku, ba abin da aka bari sai ɗan kututture. Ya dawo yana faɗa shi kaɗai. Ni kuma na ƙudura a raina ni zan yi maganinsu.

Kakata ta wajen uba, Delu sunanta amma Iya muke ce mata, ita ce mai ba mu tatsuniya. Gajeruwa ce, siririya, tafin hannunta kaushi kamar na namiji. Da an idar da sallar isha'i sai ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta zuba ɗanyen ganye a kai don hayaƙin ya kori sauro, ta jawo mazarinta da auduga ta zauna. Mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙanwata Laraba da 'ya'yan ƙanen Baba. Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. In tana kwaikwayon muryar kura har manyan da ke cikin ɗaka sai ka ji sun ƙyalƙyale. Ni ne babban jikanta namiji, don haka maigida take ce mini, kullum tana ƙorafin na bar ta ba cefane.

Wata rana da la'asar ina zaune a gindin rumbu ina murza igiyar rama a cinyata, ta zo wucewa ta tsaya.

"Maigida, wannan igiya fa? Ko akuyar da ka yi mini alkawari ce za a jawo?"

Na ce, "Tarko zan ɗana wa zomo."

Na ɗauka za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta dubi igiyar, ta dube ni.

"Wa ya koya maka?"

"Ba kowa. Zan gwada ne."

Ta wuce abinta.

Daren nan hadari ya haɗo ta gabas amma bai sauko ba, sai walƙiya can nesa, iska ta tsaya cak. Hayaƙin wutar ya ƙi tashi sama, ya kwanta a tsakaninmu yana sa mu hawaye. Iya ba ta ɗauki mazarinta ba. Ta ce, "Ku matso kusa. Wadda ta zo yau ba ta son a ɗaga murya." Muka ce ta iso, muna ji.

Ta ce an yi wata mata a wani ƙauye a gindin dutse, tana da 'ya'ya uku, maza biyu da 'yar auta mace. Aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta yi ciki ba. Rumbuna suka ƙare kafin rani ya raba. Mazan garin suka watse neman abinci, mijinta ma ya bi ayari ya yi kudu, ya ce kwana ashirin zai yi. Wata uku ba shi ba labarinsa. Matar ta sayar da akuya, ta sayar da tasoshinta, ta dawo dakan ɓawon itace da tonon gidan tururuwa tana tsince ƙwayar da suka tara. Yaran suka daina kuka, don kukan ma ƙarfi yake so.

Ran nan ta je itace sai ta ga wata siririyar hanya cikin busasshiyar ciyawa, ga kashin zomo sabo a kai. Ba ta taɓa ɗana tarko ba, ba aikin mata ba ne. Amma tana yarinya ta sha bin yayanta daji, ta ga yadda yake yi.

A nan Iya ta zaro tsinke ɗaya daga tsintsiya, ta tsinko zare daga mazarinta, ta shiga nuna mana a hasken wuta. Ta ce matar ta nemi ɗanyen itacen geza mai kaurin babban yatsa, wanda ke tsaye da saiwarsa a bakin hanyar, ta zage ganyensa, ta ɗaura igiya a kansa. Ta sassaƙa turke mai ƙugiya ta kafa a ƙasa. A tsakiyar igiyar ta ɗaura ɗan guntun icce kamar yatsa, ta tanƙwaro gezar har ƙasa, ta maƙale guntun iccen a ƙugiyar turken, yadda ko kaɗan aka taɓa shi zai suɓuce. Ƙarshen igiyar ta yi masa zarge, ta shimfiɗa shi a kan wasu tsinkaye da ta jingina da guntun iccen. Ta jera ƙaya dama da hagu don kada zomo ya kauce. Sannan ta goge igiyar da turken da busasshen kashin shanu, saboda zomo yana jin warin hannun mutum.

"A ƙasa ake shimfiɗa zargen," in ji Iya, "don ya kama ƙafa, ka tarar da shi da rai a yanka. In ka tsai da shi sama wuya zai kama. Abin da wuya ya kashe kuwa mushe ne, kun sani."

Ta saki tsinken tsintsiyar ya yi sama, fit. Laraba ta zabura ta riƙe ni.

Kwana uku matar tana zuwa da asuba. Ranar farko ba komai. Ta biyu tarko ya tashi amma zomo ya zame ƙafarsa, sai gashi. Ta uku ya kamu ya gwagwiye igiyar ya tafi. A ranar ne 'yar autar ta kasa tashi zaune. Da yamma matar ta koma ta sake murza igiya. Da ta zo shimfiɗa zargen sai ta tsaya. Ta duba gabas, ta duba yamma, ba kowa. Ta ɗaga shi ta tsai da shi daidai wuya.

Da gari ya waye ga zomo yana reto, ƙato, ya sandare, idonsa a buɗe yana kallonta. Ta sauke shi. Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta zaro wuƙa ta yanka wuyan, ko ɗigon jini bai fito ba. Ta ƙunshe shi a zane ta kai gida, ta feɗe a bayan ɗaki, ta dafa da gishiri da ɗan garin kuka. Ƙamshi ya tashi. Yaran suka rarrafo bakin murhu. Tana cikin zubawa sai babban ya ce, "Inna, wa ya yanka?" Don ya san babu sauran namiji babba a unguwar.

Ta ce, "Wani matafiyi ne."

Ya ce, "Inna, ba wanda ya wuce yau."

Iya ta gyara itacen wutar. Can ta ce, "Sai ta rantse. Ta kama sunan Allah ta rantse yankakke ne. Ba zan maimaita muku yadda ta faɗa ba."

Yaran suka ci. Tun daga ranar, kullum ta je sai ta tarar da zomo a rataye, a shekarar da ko ɓera ya yi wuyar gani. Ta yi sammako, ta tarar ya riga ya yi sanyi. Ta kwana a gindin dutse tana gadi, ba ta ji motsi ba, gari na wayewa ga shi yana reto. Tsoro ya kama ta. Ta kwance tarkon, ta tumɓuke turken, ta jefa igiyar a rami. Washegari ta bi ta wurin za ta itace, ga geza a tanƙware an sake ɗanawa, da irin ƙullin hannunta.

Mazan biyu suka murmure. 'Yar autar kuwa, wadda ta fi kowa son romon, sai ta daina magana. In ta yi barci idonta a buɗe yake. Ganye ya faɗo ta firgita ta maƙure a lungu. Uwar ta ɗauke ta ta ji ƙirjinta na bugawa da sauri da sauri, ba irin na mutum ba.

Wata asuba matar ta je wurin tarkon. Ta hango gezar ta miƙe tsaye tana kaɗawa, alhali ba iska. Ta matsa. Ba zomo. Abin da ke cikin zargen ɗan jan zare ne da farin wuri ɗaya, irin kuɗin da, wanda ita da kanta ta ɗaura wa 'yar autar a hannu. Ta yar da wuƙar ta kwasa a guje, tana kiran sunan yarinyar tun daga gindin dutse.

Iya ta tsaya a nan. Muka jira. Ba abin da ake ji sai kwaɗi a fadama.

Laraba ta ce, "Iya, me ta tarar a gida?"

"Ta tarar da abin da ta tarar." Ta janye itatuwan daga wuta ɗaya bayan ɗaya, ta tusa su cikin toka. "Iyakarta ke nan. Ku tashi, kowa ya wanke ƙafa ya kwanta."

Na kwanta da tsoro, har na ƙi juya fuskata wajen Laraba don kada in ga idonta a buɗe. Amma tsoron yaro ba ya kai hantsi. Da rana ta fito abin da ya rage a kaina shi ne yanzu na san yadda ake ɗana tarko, daki-daki, har da kashin shanun.

Na samu hanyar zomayen a gefen gonar waken, na samu geza, na yi duk yadda ta nuna. Sau biyu gezar tana suɓuce mini tana zabga mini a goshi kafin guntun iccen ya zauna a ƙugiya. Na shimfiɗa zargen a ƙasa. Kwana biyu ina zuwa, tarko ya tashi, ba komai a ciki. 'Ya'yan ƙanen Baba suka fara yi mini dariya. A rana ta uku da yamma na tsuguna ina gyara zargen, sai na ce a raina in na ɗan ɗaga shi, na zo da sassafe, ai zan riske shi da sauran numfashi. Na ɗaga shi. Har na waiga na duba ko da mai kallona, sai da na yi na tuna inda na ji an yi haka.

Da asuba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Da ya tsagaita aka kora mu karatun allo, Malam bai sallame mu ba sai da rana ta ɗaga. Na ruga bayan dutse ina santsi cikin taɓo. Tun daga nesa na hango shi. Ya jiƙe sharkaf, ya yi tsawo, kunnuwansa sun faɗi, ƙananan tururuwa sun bi igiyar sun sauko har idonsa.

Na san mushe ne, ba sai an gaya mini ba. Amma zomona ne na farko, ga shi da nauyi, ga masu dariya suna jira a gida. Na kakkaɓe tururuwan, na ciro 'yar wuƙata na yanka wuyan. Fatar ta yi tauri, sai da na yi ta gurzawa. Naman ciki fari-fari, jini bai zubo ba. Na riƙe shi ta ƙafafu na kama hanya, ina ta shirya abin da zan ce.

Baba yana wata gonar, matan gida suna daka a can ciki. Iya kaɗai na tarar a ƙofar ɗakinta tana tsince auduga. Na ɗaga shi sama.

"Iya, ga cefanen da kike ta nema."

Ta miƙo hannu na ba ta. Ta kwantar da shi a cinyarta, ta buɗe yankan da babban yatsa, ta shafa inda igiya ta ci gashin wuyan.

"Wa ya yanka maka?"

"Wani Bafulatani mai kiwo. Na tarar yana shure-shure, sai ga shi da shanunsa."

"Ina jinin?"

"Ruwa ya wanke."

Ta ɗago ta dube ni. Na ga ba ta yarda ba, sai na buɗe baki na ce, "Wallahi..."

Ban san tsohuwa tana da irin wannan zafin nama ba. Tafin hannunta ya rufe mini baki da ƙarfin da leɓena ya bugi haƙori, na ji gishirin jini. Ba ta taɓa dukana ba sai ranar, in ma duka ne.

"Kada ka ƙarasa," ta ce a hankali. "Habu, kada ka ƙarasa ta."

Rabon da ta kira ni da sunana har na manta. Na fashe da kuka. Ta bari na yi mai isata, sannan ta ɗauki fartanya ta ce in wuce gaba. Muka fita ta ƙofar baya. Ta sa na haƙa rami a gindin wata tsamiya, mai zurfi yadda kare ba zai tono ba, na saka zomon na rufe. Ta ce in kai ta wurin tarkon. Da muka isa ta kwance ƙullin igiyar da hannu ɗaya, ta girgiza turken sau biyu ta zare shi, ta sare gezar daga tushe. Duk ba ta ɗauki lokacin da zan sha ruwa ba. Na tsaya ina kallon hannunta.

Ba ta gaya wa Baba ba. Kwana bakwai ba ta hura wuta a ƙofar ɗakinta ba, ta ce ƙafa ke damunta. Da ta dawo ta koma kan kura da sauran abin dariya. Waccan kuwa ba ta sake ba da ita ba har ta bar duniya, shekara shida bayan haka.

Na girma, na koma cikin garin Rano ina koyon ɗinki, da yamma ina ɗaukar karatun littattafai a zauren wani malami. Wata rana muka iso babin abinci da yanka. Malam ya karanta ya fassara: wanda yunwa ta kai shi ga tsoron halaka, ya halatta ya ci mushe, babu laifi a kansa. Ban ji sauran karatun ranar ba. Juma'a na zagayowa na hau keke na tafi gida.

Na tarar da Baba yana gyaran danga. Lokacin ya fara tsufa, gemunsa ya yi fari. Na kama masa kara muna ɗaurewa, na ba shi tatsuniyar tun daga farko har inda Iya ta tsaya. Bai katse ni ba. Da na gama ya zauna a kan turmi.

"Ashe ta ba ku wannan," ya ce.

Ya ce matar nan Iya ce, mahaifinsu ne ya tafi kudu bai dawo ba, har yau ba a san inda kabarinsa yake ba. Su uku ne, shi da ƙanensa da wata ƙaramarsu, Uwani. Ba wani tarko da ya ɗana kansa. Zomaye biyar ne ko shida ta kama cikin wata guda, su suka riƙe su har ruwa ya sauka ganyen tafasa ya fito. Uwani kuwa ƙafafunta sun riga sun kumbura tun kafin zomon farko. Yunwa ce ta ɗauke ta, kamar yadda ta ɗauki yara da yawa a shekarar.

Na ce, "To Baba, ai babu laifi a kanta. Ga abin da littafi ya ce. Da na sani tana da rai, da na gaya mata."

"Ta sani. Da mutane suka dawo ta je wurin liman da kanta, ya gaya mata abin da ka faɗa yanzu. Ya ce ta yi kaffarar rantsuwa ta tuba, shi ke nan. Ta yi azumin. Amma ta ce naman ba shi ya dame ta ba. Ta ce ta kama sunan Allah ta ɗora a kan ƙarya a gaban 'ya'yanta, ba a yi sati uku ba ta wanke gawar 'yarta. Ba wanda ya iya raba mata waɗannan biyun."

Ya ɗauki wani kara yana ɓare shi da farce.

"Ni ne na tambaye ta," ya ce. "Shekarata takwas. Kafin malaminmu ya gudu ya koya mana abin da ake ce wa mushe, ina ji da kaina na san abu. Na ga ba namiji a unguwa, na tambaya. Ta ba ni amsa, ban bari ba, na sake. Da na yi shiru na ci abin da uwata ta ba ni, da ba ta rantse ba."

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan gargaɗi ce a kan cin haram, daga baya na ce a kan rantsuwar ƙarya ce, kuma duk tana ɗauke da su. Sai a ranar na ga akwai mutum na biyu a cikinta wanda ban taɓa kula da shi ba, yaron da ya san gaskiya ya matsa sai an faɗe ta, bai duba wadda yake tambaya ba, bai duba abin da ya kai ta ba. Yanzu na haura shekarun da Baba yake da su a ranar. Na sha zama a gaban mutumin da wuya ta kai bango, na ga inda zancensa ya karkace, tambaya tana bakina wadda na san in na yi ta sai ya rantse. Wani lokaci dole a yi ta. Sau da yawa kuwa ba abin da za ta ƙara sai in nuna ni ma na gane. Irin wannan nakan haɗiye ta.

Baba bai ce in koyi wani abu daga labarin ba. Ya jefar da karan, ya miƙe da kyar yana dafa gwiwa, ya ce in riƙe masa wancan gefen kafin rana ta faɗi. Muka ƙarasa dangar. Ina ɗaurewa ina jin yana karanta wani abu ƙasa-ƙasa, sai da na matsa na gane addu'a ce yake yi wa mutum biyu, uwarsa da ƙanwarsa, yana kiran kowacce da sunanta.